Na Faɗi Hagu

Ƙarfe biyun dare, gidan kallon Davou a Tudun Wada.
Mu uku ne: ni, da shi, da kare a ƙarƙashin benci.
Sanyin Jos ya shigo ta ɓular langa-langa
ya zauna bai biya ba.
Can Meziko rana ba ta gama faɗuwa ba,
wani gola mai furfura a gemu
yana ɗaure safar hannu da haƙori.

An ce yau zai ajiye.
Shekara ashirin tsakanin turaku biyu:
kulob ɗin garinsu ya raine shi, ya sayar kamar maraƙi,
Turai ta ajiye shi a benci damina uku,
ya koma gida da ɗinkakkiyar gwiwa.
Rigar ƙasa kuwa, a ba shi, a ƙwace,
a sake miƙo masa ranar da yara suka kasa.

Ba na jin bakin mai sharhi.
Yaren kafaɗar golan nake ji,
yadda yake buga dunduniya a jikin turke,
yana yi wa masu tsaron baya faɗa kamar uba.

Ni ma na tsare raga, ta 'yan kuza a Bukuru,
filin tsakuwa zalla.
Safata ta leburan gini ce, Asabe ke ɗinke yatsun.
Fanareti goma sha ɗaya na ture,
ni kaɗai na ƙirga.
Amma ɗayar da ta zille tsakanin ƙafafuna
shekara talatin ke nan
mai shayin tasha yana zuba wa baƙi ita da madara.

Minti tamanin da tara, alƙali ya nuna ɗigo.
Ɗan wasa ya ajiye ƙwallo, ya ja baya taku biyar.
Na ga inda ya saci kallo.
Na ce, hagu, ɗan'uwa, hagu!
Ya sheƙo,
sai janareta ya yi tari biyu ya mutu.

Da Davou ya haska wayarsa
a ƙasa ya same ni,
na rungume butarsa a ƙirji,
gwiwar hannuna na jini, kare na haushi.

Ya ce, Baba Ɗanliti, bari in duba sakamako.
Na ce bar shi.
Na ji nauyinta a hannuna.