Shaida Ta Bakwai

Ranar Talata suka kawo ta kotun Alkaleri,
an rataya mata takarda a wuya kamar akuyar kasuwa.
Ni na rubuta lambar: shaida ta bakwai.
Bindigar toka ce, ƙotarta ta kirya,
ta yi baƙi da gumin hannu uku,
na kaka, na uba, da na wannan da ke tsaye a akwati
yana murza hularsa.

Bakoji sunansa, daga Mainamaji.
Kofur Ishaya ya ce a bakin gona ya same shi
da kwalbar albarushi da guntayen ƙusa.
Lasisi? Babu.

Majistare Kaltume ta sauke tabarau.
"Baba, ina takardarta?"
Ya ce, "Ranki ya daɗe, ai ta girme ni.
Maƙerin da ya haife ta bai yi boko ba.
Gwaggon biri ya faɗa mini masara da zuri'arsa arba'in,
shi wa ya tambayi tasa takardar?"

Dariya ta ɓarke a bencin baya.
Ita ko murmushi.
Makon jiya a kan wannan teburin
'yar'uwarta ta kwanta, lamba huɗu,
wadda ta tashi da kanta, in ji mai ita,
ta sami yaro ɗan shekara takwas a cinya.
Uwar yaron ta zauna daidai inda ake dariyar nan.

Ta ce, "Ba ni ke ba da lasisi ba, Baba.
Nawa in tambaya, na 'yan sanda su buga hatimi.
Ka tafi Bauchi da hotonka da wasiƙar mai unguwa."
Ya shiga ƙirga kuɗin mota da yatsu,
yatsun suka ƙare.

Tarar dubu biyar.
Bindiga za ta kwana wurinmu
har ranar da ya dawo da takarda.

Da la'asar na kai ta ɗakin ajiya,
na jingine ta kusa da lamba huɗu,
bakunansu na kallon rufi.
Ta taga na hango shi a gindin darbejiya
yana roƙon mai shayi gwangwanayen madara,
zai zuba tsakuwa, ya ɗaura a igiya,
ya kwana yana ja.

Masara saura sati uku ta nuna.
Takarda kuwa, in ji Kofur Ishaya,
takan ɗau wata biyar
in an taki sa'a.