Tafinta a Kotun Jos

Shekara goma sha bakwai ina tsaye tsakanin harsuna biyu
kamar ɗan dako a bakin Taminus,
in ɗauki magana nan, in sauke ta can,
ina addu'a kar ta fashe a hanya.

Kalma guda ce ta Bature
har yau take sulɓe mini kamar tarwaɗa.
Suwiya, in ji su.
Da ita ake dafa Littafi,
da ita kuma ake ambaton uwar mutum a tasha.

Ran Talata aka kawo Tanimu,
kwandastan motar Bukuru, silifa wari da wari.
Takardar ƙara ta ce ya yi wa Sajan Gyang suwiya
a bainar jama'a, kan naira ɗari biyu.
Na ce masa, "An ce ka ƙunduma ashar."
Ya sunkuyar da kai.

Sai mai shari'a ta gyara tabarau
ta ce a sa shi ya yi suwiya kafin ya buɗe baki.
Ita ce dai, ko wasali bai canja ba.
Na ce masa, "Za ka rantse."

Ashe yana tsintar Turancin tasha.
Ya ce, "Malam, ba shi ya kawo ni ba?
Jiya na yi, na kwana da sauro a bayan kanta,
yau kuma ita da kanta ke nema?"
Sai da aka buga tebur sau uku.

Mu dai mun raba musu ɗaki.
Rantsuwa sai da alwala, in ta karye sai kaffara.
Ashar a bakin kwata take kwana.
Tsinuwa kuwa ta iyaye ce, ba a aron ta.

Amma da yamma ina hawan tudun Gangare,
sanyi na cizon kunnena,
na tuna wallahi nawa na ji a Farin Gada
ana sayar da ruɓaɓɓen tumatir da su,
da ashar guda ta wani direba
ranar da aka ƙone masa mota,
wadda ta fi shaidu goma gaskiya.

Tanimu ya dafa Littafi, hannu na rawa.
Ya ce, "Na zage shi. Kuma ya karɓi kuɗin."
Na mayar da ita Turanci, ban zubar da ko ɗigo ba.