Kunnen Bakanike a Kwazazzabon Poli

Motar auduga ta mutu mana a bayan Poli,
ƙarfen da ya karye sai an aiko daga Garwa.
Kwana uku, in ji direba. Na san kwana ukun direba.
Ina gindin ɗorawa ina korar ƙudaje
Hammajoda mai cire zuma ya tsaya a kaina:
"Kai mai baƙin hannu, zo ka ga inda ruwa ke faɗowa."

Muka bar gonakin dawa, muka bar turba.
Dutse ya buɗe baki kaɗan, kamar ƙofar rumbu.
Ya shige, na bi shi.

Nan na san tumbina ba abokin tafiya ba ne.
Bango a dama, bango a hagu,
na karkace kamar mai shigar da gado ɗaki.
Maɓallin rigata guda ya tsinke,
ya zama rabon kwazazzabo.
Sama ta koma zare ɗaya shuɗi,
irin wanda tela kan manta a bakin aljihu.

Sanyi ya fara daga idon sawu.
Gansakuka ta shafa wa duwatsu sabulu,
na zame, na tashi, na sake zamewa da salati.
Hammajoda bai ko waiwayo ba.
Ƙafarsa ta san wurin
yadda hannuna ya san sifana mai lamba sha uku cikin duhu.

Rema ta leƙo daga tsaga, ta auna ni, ta koma.
Warin kashin jemage ya cika hanci.
Saiwar ɓaure ta sauko bango tana laluben ƙasa,
na riƙe ta na ce mata sannu.

Sai kunnena ya kama shi.

Shekara ashirin da shida ina cin abinci da kunne.
Ko ina salla mota ta gifta,
Allah ya yafe mini, na san abin da ke damunta.
Wannan rugugi na can ciki,
na tsaya, na karkata kai ina neman lahaninsa.
Ba tari, ba shaƙewa, ba tsallake,
ba wurin da zan ce a kwance mu duba.

Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu.
Na ɗaure waya da 'yan sefa a hula,
na ɗora a ka kamar mai tallan ƙosai.
Kwana ɗaya, kwana biyu,
bangayen suka ja da baya.

Ga shi nan.
Fari fat, daga tsagar da wuya ke ciwo kafin ya hango,
yana zubowa yana farfashewa yana sake zubowa.
Feshi ya rufe mini fuska.
Wani guntun bakan gizo ya tsuguna a gefen tafki,
bai ma kai tsayina ba.
Hammajoda na magana, bakinsa kawai nake gani.

Na tsoma hannuwana, na cuɗa da yashi.
Baƙin man da ke ƙarƙashin farce bai fita ba,
ban kuma ji haushinsa ba.
Ya miƙo mini saƙar zuma a kan ganye,
na tsotse, na tofar da kakin, ruwa ya tafi da shi
ta ƙofar da muka sha wuya.

Da magariba direba ya ce, "Me kuka gano?"
Na ce, "Ruwa."
Ya yi tsaki. Ƙarfe bai iso ba.

Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota,
gwiwa a kuje, riga ba maɓalli,
inji a kaina shiru, sanyi ƙalau.
Wancan na cikin dutse kuwa
har yanzu ba a kashe shi ba.