Wutsiyar Conceição

A Porto, a saman shagon ɗinkin littattafai,
ruwan sama na bin taga kamar mai bin bashi.
Graciete ta kwantar da kati na farko,
ta ɗaura alƙalami a hannun ƙarfe,
ta ce da na'ura: ga fili, ga mai doki.

Sunaye ɗari huɗu da sha biyu,
mutanen da suka ba da jini a bana,
suna kwance a jadawali, layi bisa layi.
Wasiƙar guda ce, da gurbi a goshinta,
kowane suna ya zo ya zauna,
ya tashi ya ba na baya wuri.

Jiya ta gwada haruffan ɗab'i.
Alƙalami ya bi kowane harafi ta gefe,
ya ja masa katanga, ya bar cikinsa fayau,
gidan da aka gina ba a tare ba.
Yau ta zaɓi masu zare ɗaya:
a sauka sau ɗaya, a ja, a ɗaga.
Ƙashi ne zalla, ba tsoka, ba riga,
yadda yaro ke rubutu da yatsa
a gilashin da raɓa ta kwana.

Ƙyas, ya sauka. Suu, ya tafi.
Ba ya gajiya, ba ya haɗiyar miyau,
ba ya tsayawa ya tuna wani.
Mun gode, in ji shi. Mun gode. Mun gode.
Na hamsin bai fi na farko zafi ba.

A kati na hamsin da takwas ya yi tsalle.
Concei, sai fili, sai o can shi kaɗai,
kamar bakin da aka cire wa haƙora biyu.
Wanda ya zana haruffan, a wata ƙasa mai nisa,
bai san akwai c mai wutsiya ba,
bai san a tana sa hula ba.

Baltasar ya hau bene da kofi biyu.
Sa musu tsirara, ya ce, wa zai duba?
Ta leƙa jadawali. Matar nan sau huɗu
ta naɗe hannun riga, ta kawar da kai daga allura.
Ta ce: cikakken jini ta bayar,
ba zan aika mata rabin suna ba.

Sai suka raba aikin, ita da ƙarfe.
Shi ya ja c da a, ya wuce abinsa,
ita ta bi baya da tawada iri ɗaya
tana rataya wutsiya, tana ɗora hula.
Gonçalo. Simão. Inês. Assunção.
Ɗari da talatin da tara.

Ƙarfe goma sha ɗaya na'ura ta yi shiru.
Jirgin ƙasa na ƙarshe ya haye gada.
Graciete ta jera katuna a ƙarƙashin fitila:
layuka sumul, kamar an tace su,
sai nan da can wata 'yar wutsiya
ta karkace, ta yi kauri, ta ɗan zarce,
ɗaya ma da tambarin babban yatsa a gefe.

Ta ɗaga wannan za ta yaga.
Ta dube shi.
Ta sa shi a ambulan.