Dodon Katifa

A Agege, bayan layin dogo,
a rumfar kallon ƙwallo ta Sallau,
daren da babu wasa,
aka rubuta da alli: ɗari uku, sabon fim,
tafiya zamanin da ba a haifi kakan kowa ba.
Muka cika benci, gwiwa tana gugar gwiwa,
fanka ɗaya tana kwashe zafi daga wannan kai
tana juye wa wancan.

Na'urar da za ta tsallake shekara miliyan
keke-napep ce aka shafa wa fentin azurfa,
aka ɗaura mata injin markaɗe a baya.
Korau bakanike ya ce,
"Na san keken nan, wallahi,
ko Oshodi ba ta kaiwa sai an tura."
Rumfa ta ɗauka.

Jarumi ya ja igiya, hayaƙi ya turnuƙe,
sai ga shi a dajin farkon duniya.
Daji kuwa, tubarkalla,
har da ledar fiya-wata maƙale a reshe,
can nesa, ƙarƙashin kukan tsuntsayen da,
kwandasta yana kiran Ikorodu, Ikorodu.
Iya Mulika mai lemo ta tafa hannu:
"Ashe tun lokacin ana neman fasinja!"

Ƙasa ta girgiza,
wato hannun mai kyamara ya girgiza.
Dodo ya fito. Dainaso, in ji allo.
Kai kamar turmi, haƙoran kwali,
jikin soson katifa mai koren fenti,
wutsiya tana jan ƙasa kamar jiƙaƙƙiyar tabarma,
a ƙafa kuwa silifas,
ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan toka.

Wani ya faɗo daga benci.
Cindo tela ya miƙe yana nuni,
"Ku dubi zik a gadon baya!
Ko yaron shagona ba ya wannan ɗinki."
Ladiyo kaɗai, 'yar shekara biyar,
ta cusa kai cikin rigar ubanta,
tana leƙe da ido ɗaya.
Duk rumfar, ita ta ci kuɗinta.

Sai wuta ta ɗauke.
Sallau ya fita yana lallashin janareta.
A cikin duhu, Malam Barmo mai gadi,
wanda Ikko ta cinye wa shekara arba'in,
ya yi magana kamar da kansa yake:
"Ni ba na son miliyan.
In keken nan na tafiya, a kai ni Talata guda,
tashar jirgin Ƙaura,
inna tana miƙo ƙullin ƙuli-ƙuli ta taga,
ni kuwa ina jin kunyar abokai.
In koma in karɓa. Shi ke nan."

Ba wanda ya ce uffan.
Jirgin ƙasa ya wuce a waje, kwano ya yi ta rawa.

Da wuta ta dawo, an riga an kashe dodo,
ba mu ga da me ba.
Aka fita ana musu, wasu sun ce barkono,
wasu sun ce zafi ne ya kayar da shi.

A bakin ƙofa na sunkuya neman takalmina,
idona ya faɗa kan wasu ƙafafu:
ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan toka.
Jatau ne, mai dakon albasa a Mil Sha Biyu.
Ya ga na gani.
"Kwana uku cikin soso," ya ce a hankali,
"dubu biyu-biyu, ba abinci."
Ya ɗan yi shiru.
"Amma yarinyar nan, da gaske ta ji tsoro, ko?"

Na ce, ƙwarai.

Ya gyaɗa kai, ya tsallaka layin dogo,
yana taka ƙasa da nauyi,
ɗaya bayan ɗaya.