Dodon da Ya Sha Shayi a Gwammaja

An tashi daga kallo goma da rabi,
muka zube a bencin Ɗanliti mai shayi.
Tun ba a ɗora tukunya ba an buɗe shari'a,
kowa alƙali, ba mai jiran bayi-bayi.

Tasi'u mai gyaran waya ne ya fara:
"Ni dai an ci mini kuɗin shiga.
Tekun Mantuwa da jarumin ya haye cikin ƙwarya,
na rantse madatsar ruwa ce ta Tiga.
Har bishiyar da muka ci ɗanwake a gindinta
ranar yawon Sallah na hanga."

"To sai me?" in ji Lantana mai awara,
tana juya mataci, ba ta ko ɗago kai ba.
Ita a waya aka tura mata, naira ɗari.
"Ni hankakan nan mai magana ne ya ba ni tausayi,
da ya faɗa rijiyar shuɗiyar wuta don ubangidansa.
Sai da kasko guda ya ƙone ina kuka,
har yau ban mai da uwar kuɗi ba."

Sagiru ya kusa ƙwarewa da burodi:
"Wace rijiyar wuta? Marinar Ƙofar Mata ce!
Ta uku daga hagu ta kawuna ce.
Dubu biyar suka ba shi, suka cika ta da hayaƙi,
kwana biyu baba bai kama zane ba."

Badamasi ya kashe adaidaitarsa ya matso,
shi ƙorafinsa na hanya ne:
"Mutum ya shige lungu a Kasuwar Kurmi,
kafin ƙiftawa ga shi a kan Dala, ko haki babu.
Shekarata goma sha biyu ina bin wajen nan.
In akwai wannan ratse, a nuna mini,
in huta da cunkoson Jakara."

Wani ya ce takobin roba ce, ya ga ta lanƙwashe.
Wani ya ce sarauniyar aljanu
ta manta agogo a hannu.
Wani yaro a ƙarshen benci ya ce a hankali
gobe ma zai koma, karo na huɗu.

Sai Ɗanliti ya ɗaga kofi sama, ya tsiyayo,
shi da bai taɓa shiga gidan kallo ba:
"Dodonku mai ƙaho bakwai da ya fito daga tafki,
a kududdufin bayan nan aka yi shi, dare uku.
Nan ya zauna, inda kake zaune, Tasi'u.
Ya cire kansa ya ajiye a kan benci,
sai ga ɗan siririn yaro daga Kurna, gumi sharkaf.
Ya ce kauri, sukari uku, da ƙwai biyu.
Har gobe ina bin sa ɗari biyu."

Dariya ta ƙi ƙarewa.
Tasi'u dai ya ɗan gusa daga wajen.

Da za ni gida na bi ta bakin kududdufin.
Shekara talatin ina toshe hanci in wuce,
yau na tsaya.
Kainuwa ce, da leda, da tsohuwar taya,
kwaɗi na ta musu irin namu.
Amma wata ya kwanta a kan ruwan
daidai yadda ya kwanta a majigi,
ashe ba su suka zana shi ba, namu ne tuntuni.

Wani abu ya motsa a tsakiya.
Na san yaro ne ɗan Kurna,
na san ana bin sa ɗari biyu.
Duk da haka na tattare bakin riga,
na ƙara sauri, ina karanto abin da ya zo baki.