Tagar da Ke Buɗewa Inda Babu Allo

A Valparaíso, kan tudun da gidaje suka hau kafaɗar juna,
Rayén Quilodrán ta kunna kwamfuta kafin shayinta ya huce.
A cikin kwamfutar akwai waya,
waya marar jiki, wadda ba ta san aljihu ba,
ba ta taɓa suɓucewa ta fashe a kan dakali ba,
ba ta taɓa jin ɗumin kunnen kowa ba.
A cikinta ake gwada manhajar masunta,
mai faɗa musu sa'ar da teku zai cika
da sa'ar da zai ja zanensa ya koma.

Ta danna. Fanka ta yi gurnani.
Injin ya ce wayar ta tashi.
To, ina take?
Allo wayam. Sai can a bakin dama
wani siririn baƙi, kamar farcen da aka yanke,
shi kaɗai ya leƙo.

Kwana tara ke nan.
Kullum ta kamo ta da linzami, ta jawo ta tsakiya
kamar akuyar da ta ƙi hanya,
kullum gari ya waye ta tsinke ta koma.
Hali zanen dutse, har ga abin da ba shi da rai.

Ba ɓata ta yi ba.
Tana zuwa ne inda aka saba ajiye ta.
A dama da wannan tebur akwai allo na biyu a da,
na Anselmo, ƙanenta,
shi ne mai son wayar a gabansa, dab da kofinsa.
A watan Yuni, ana tsakiyar ruwa da sanyi,
bayan maganar da ta fi ƙarfin ɗakin,
ya zare igiya, ya naɗe allon cikin bargo,
ya bi motar kudu, har Punta Arenas.
Ya bar murabba'i a kan katako
inda rana ba ta ci fenti ba.
Ba wanda ya gaya wa tagar.

Yau Rayén ta daina ja.
Ta shiga ɗaki cikin ɗaki, jaka cikin jaka,
har ta iske ƙaramin fayil, layi biyu tak:
nisa daga hagu, nisa daga sama.
Daga hagu, dubu biyu da ɗari uku da goma.
Nata allon ya ƙare a dubu da ɗari tara da ashirin.
Ta ɗaga yatsa ta auna ragowar a iska,
ta wuce bakin gilashi, ta wuce fitila,
yatsan ya tsaya daidai saman kofin
da har yanzu alƙalumansa ke ciki.

Ƙasa, jiragen kaya suna kuka a tasha.
Keken hawa tudu ya wuce yana ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Ta goge lambar. Ta rubuta sittin.
Ta adana, ta kashe, ta sake tayarwa.
Ga waya tsaye a gabanta, cikakkiya, ba gardama,
tana nuna ruwa zai cika ƙarfe huɗu da kwata.
Aikin minti biyu. Abin da ya ci kwana tara.

Ta daɗe tana kallonta.
Sannan ta ɗauki ɗaya wayar, mai jiki, mai tsagaggen gilashi,
ta aika masa lambar nan kawai, ba gaisuwa.

Sai bayan azahar amsa ta zo:
Har yanzu wajena take zuwa?
Ta rubuta: Na hana ta.
Ta ajiye. Ta wanke kofin shayi. Ta dawo.
Ta ƙara: Akwai sanyi can?